Fijo 504 ta 1974: in tuƙa ta cikin ayari ko in ɗora ta a tirela?

Baban Nana (Lyon): Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman daga su Baba Sule da duk wanda ya taɓa riƙe Fijo. Ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci za ta fita ayari cikin watan Yuni. Za a tashi daga Lyon, nan Faransa, da sassafen Asabar a bi tsohuwar hanyar Nationale 7, a tsaya wani baje kolin motoci a ƙauye kusa da Montélimar, a kwana, ran Lahadi a ƙarasa wani a gefen Aix-en-Provence. Zuwa kaɗai kusan kilomita 300 ne. Tawa 504 GL ce ta 1974, fenti na asali, kujeru na asali, kuma tun da na saye ta iyakarta kewayen gari. Wani a ƙungiyar ya ce in yi hayar tirela in ɗora ta, in sauke ta a bakin fili, kada in ƙona injin da ba a taɓa buɗewa ba. Ni kuwa raina tuƙi yake so. Me kuka gani?

Injiniya Bash (Manchester): Wa alaikumus salam. Yaya, ka ji maganar mutumin nan. Fentin kamfani sau ɗaya mota ke samunsa a rayuwarta. In tsakuwa ta fasa maka gilashin gaba ko ta ɓantare bonet, kuɗi ba zai dawo maka da 1974 ba. Sannan tafiyar ayari ita ce mafi wahala ga tsohon inji: a tsaya, a tashi, a shiga gari, a jira na baya, duk a giya ta biyu cikin zafin Yuni. Da kai kaɗai za ka hau babbar hanya ka miƙe, da ban ce komai ba.

Abba Turbo: Fijo a kan tirela? Kawu, don Allah kada direbobin tashar Kawo su ji wannan labari, dariya za ta kashe su.

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Baban Nana, tuƙi ba ya kashe mota, zama ne ke kashe ta. Wadda aka ajiye robobinta suna bushewa, birki yana kamewa, fetur yana tsufa a tanki ya bar danƙo a kafireta, tsatsa ta toshe lagireto. Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne, kuma a zamaninmu direba yakan je ya dawo a yini guda da wagon shaƙe da fasinja, but ɗin ma ba ya rufuwa sai da igiya. Injin nan naka mai 1971cc shi ne dai wanda muka sani.

Amma Injiniya ya faɗi gaskiya a wuri ɗaya, zafi. Bulok ɗin 504 ƙarfe ne, tof ɗinta, wato kan inji, alminiyom, kuma silif ɗinta, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, ruwa ne ke zagaye da su kai tsaye. In ka bari ta tafasa da kyau sau ɗaya, tof ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, sai ka zaro ma'aunin baƙin mai ka gan shi ya yi fari-fari. Don haka kafin komai ka duba fanka. Fankar motar nan ba kullum take juyawa da ƙarfi ba, maganaɗisu gare ta. Sai ruwa ya yi zafi wani ɗan suwici ya ba ta wuta ta kama. Akwai ɗan gawayi da ke kai mata wutar, in ya cinye fanka za ta riƙa juyawa a banza, kana ganin tana aiki alhali ba iskar da take ja. A kan hanya ba za ka lura ba, iskar gudu tana sanyaya lagireto. Sai an shiga cunkoso allura ta fara hawa. Ka tayar da ita a gida, ka bar ta a tsaye har ta ɗau zafi, ka kasa kunne. Za ka ji ƙas, sannan ƙarar iska ta canza. In ba ka ji ba, kada ka fita.

Ɗan Kakuri: Baba, ai maganin wannan sananne ne. A ɗaure fanka ta riƙa juyawa kullum, a zare tamostat, abin nan da ke tare ruwa har sai inji ya ɗau zafi, a jefar. Mahaifina a kamfanin Fijo na nan Kakuri ya yi aiki tun farkon buɗe shi a 1975, kuma motarsa ta gida haka ya yi mata, ba ta taɓa tafasa ba.

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Ɗaure fanka na yarda da shi in an makale a hanya, minti kaɗan ne da sufana. Tamostat kuwa ka bar masa kayansa. Mu nan mun zare ne don babu sabo a kusa kuma rana tana rufa mana asiri. Shi a can da safe ko a Yuni akwai sanyi. Injin da bai kai zafinsa ba yana shan mai, fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke man da ke jikin silif. Ya sayi sabon tamostat, ya jefa shi a ruwan zafi ya ga ya buɗe da idonsa, sannan ya ɗaura.

Ɗan Kakuri: To Baba, na ji. Amma dai motar tsohonmu ba ta tafasa ba.

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Allah ya jiƙan tsohonka, shi a Kaduna yake tuƙi.

Ɗan Maraɗi (Marseille): Baban Nana, ina yini. Ni na bi hanyar nan da 'yan ƙungiyarmu, bari in ƙara abin da su Baba ba za su gani daga gida ba. Na farko fetur. Kada ka zuba SP95-E10, wanda ke da etanol har kashi 10 cikin 100. Tun 2009 ake sayar da shi, kuma shi ne mai araha, shi ya sa hannu ke saurin kai wa gare shi. Yana cin tsofaffin tiyon roba da ledar famfon mai. Ka tsaya a SP98, kuma duk da haka ka canja kowane tiyon mai daga tanki har kafireta. Sau da yawa gobarar tsofaffin motoci daga tiyon da ya tsage ya ɗiga a kan inji mai zafi take tashi. Ka sa abin kashe gobara a gefen kujerarka, ba can ƙarƙashin kaya a but ba.

Na biyu hanyar kanta. Da can Nationale 7 daga Paris take tashi har Menton a bakin iyakar Italiya, kilomita 996, amma tun 2006 aka miƙa yawancinta ga hukumomin jihohi suka sauya mata lamba. Bayan Orange za ka ga D907, in kun haye wajen Aix ta koma D7n. Wayarka kuwa kullum A7 za ta tura ka, hanyar biyan kuɗi. Ku riƙe taswirar takarda. Kuma ran Lahadi a ƙauyukan nan gidajen mai da yawa ba kowa, sai na'ura da kati.

Baban Nana (Lyon): Na gode ƙwarai. Tiyo na riga na saya. Takardunta kuma na tsofaffin motoci ne, wadda ake ba motar da ta wuce shekara 30, duba lafiyarta duk shekara biyar, kuma an yi mata bara.

Maman Khalifa: Duk kuna ta maganar lafiyar inji, ba wanda ya tambayi wa zai zauna a ciki. Baban Nana, da Nana da ƙaninta za ka tafi? Kujerar baya tana da bel? A Faransa sai 1990 aka wajabta ɗaura bel a baya, motoci da yawa na shekarun 1970 babu shi ma sam. Babu jakar iska, babu birkin da ke hana taya kamewa. Ni a sashen haɗari nake aiki, abin da nake gani ba na so in zayyana a nan.

Abba Turbo: Anti, mu fa a bayan wagon muka girma, mu huɗu a kujerar uku, ga mu da ranmu.

Maman Khalifa: Waɗanda ba su tsira ba ai ba sa cikin zauren nan, Abba.

Baban Nana (Lyon): Hajiya, gaskiyarki. Babu bel a baya. Mun yi magana da uwargida, ita da yara za su biyo mu a motar gida, su ne ma za su ɗauki akwatin kayan aiki da jarkar ruwa. Birki kuwa wannan samfurin faifai ne a duka ƙafa huɗu, ba kamar wagon da samfurin L ba masu ganga a baya.

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Faifai ko ganga, yaushe rabon da a canja man birkin? Man birki yana shan ruwa daga iska. In ya tsufa, a gangara mai tsawo sai ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa. Duk shekara biyu ake zubar da shi. Sai taya. Kada zanenta ya ruɗe ka, ka karanta lamba huɗun nan na gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ta haura shekara goma ka cire, har safaya.

Abu Safwan: Ku yi haƙuri in kawo wata magana dabam. Mutum ya zuba kuɗi a motar da ta kai shekara hamsin, ya ƙona mai ya je ya ajiye ta a fili mutane su kalla, ya dawo. Ina amfanin? Ba almubazzaranci ba ne? Ga 'yan uwa a gida suna neman na abinci.

Baban Nana (Lyon): Malam, Allah ya saka da tunatarwa. Haƙƙin gida ina saukewa gwargwadon iko, kuma abin da na sayi motar nan bai kai kuɗin sabuwar ƙaramar mota ba. Irinta mahaifina ya ja haya tsakanin Damagaram da Kano, a cikinta na koyi riƙe sitiyari. Wani doki yake kiwo ya hau ran sallah, ba a ce masa komai.

Abu Safwan: To madalla. Ka dai lura da lokutan salla, tafiyar ta kai ta ƙasaru.

Injiniya Bash (Manchester): Ni har yanzu ina kan bakana. Baba Sule yana magana ne kan 504 ta haya, wadda in ta lalace za a shiga kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa a samo wani inji. Irin ta Yaya kuwa, da fentinta da kujerunta yadda ta fito daga kamfanin Fijo na Sochaux, ba su da yawa yanzu ko a Faransa, tsatsa ta cinye wasu, sauran kuma an kwashe su an kai Afirka. Abin tarihi ne yanzu. Ba a ce kada ya tuƙa ta ba, ya zagaya da ita ran Lahadi kilomita ashirin.

Ɗan Maraɗi (Marseille): Injiniya, a ƙasarku fa ake fito da motocin da aka ƙera kafin 1905, Lahadin farko na kowane Nuwamba, su tashi daga Hyde Park a Landan su tafi Brighton da ƙafarsu, kusan mil 60, cikin ruwa da sanyi. Waɗancan sun fi 504 tsada nesa ba kusa ba.

Injiniya Bash (Manchester): Sun tafi da ƙafarsu, amma ka je Brighton da yamma ka ga tirelolin da ke jiran mayar da su gida.

Alhajin Agadas: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, na ce sai na sa baki. Wannan mota da kuke tsoron ta yi kilomita 300 a kan kwalta, da idona na ga irinta tana fitowa daga Sahara. Daga ƙarshen shekarun 1970 har wajen 1990 samarin Turawa sukan sayi tsofaffin 504 da 404 a Faransa, su sa su a jirgin ruwa zuwa Aljeriya, su gangaro Ghardaïa, In Salah, Tamanrasset. Daga nan kwalta ta ƙare. Kusan kilomita 400 na rairayi da dutse kafin In Guezzam, sannan Assamaka, sannan Arlit, sannan mu. Su sayar da motar a nan ko su ƙarasa Yamai, su hau jirgin sama da kuɗin. Tseren Paris zuwa Dakar na farko ma, wanda ya taso a Disamban 1978, ta garinmu ya bi. Abin ya mutu ne da rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar.

Abin da nake so ka ji, Baban Nana, ba ƙarfin motar ba ne. Waɗanda suka iso lafiya su ne waɗanda suka tafi a ayari mai tsari. Waɗanda suka ɓata, galibi wanda ya ga motarsa ta fi gudu ne ya yi gaba, ko wanda aka bari a baya ba a waiwaya ba. Kakanninmu fatake ba su taɓa tashi ba sai da madugu mai yanke magana, da jagaba a gaba wanda ya san hanya da zango, da uban dawaki mai tattaro na baya. Ka tambayi mutanenka: wa ke gaba, wa ke baya, wa ke cewa a tsaya? In ba su da amsa, ka ji tsoron tafiyar ko da sabuwar mota ce.

Baban Nana (Lyon): Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na tura tambayar ga shugaban ƙungiya. Ya ce za a raba mu kashi-kashi, mota biyar ko shida, kowane kashi mafi rashin gudu ce a gaba. A namu wata Citroën 2CV ce mai inji 602cc. Doka ɗaya ya nanata: kowa mai tsaron na bayansa ne. In ka duba madubi ba ka gan shi ba, ka rage gudu, in an zo mararraba ka tsaya inda zai hango ka. Haka saƙon zai bi layi har ya kai gaba. An kuma hana tsallake jar wuta ko kutsawa shataletale don kada a bar ka, kuma a bar tazara yadda mai sauri zai wuce mu ɗaya-ɗaya.

Alhajin Agadas: To wannan ya san aikinsa. Ka bi shi.

Abba Turbo: Bayan 2CV? Kawu, ka tafi da carbi mai dubu.

Ɗan Kakuri: Wata tambaya. Me zai hana ya cire kwantak, abin nan da ke tsara ba fulogi wuta, ya sa na lantarki? Yanzu ana sayar da shi, cikin distiributa yake ɓoyewa, ba mai gani.

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Na lantarki yana da daɗi, tashi ɗaya, ba saiti. Amma ran da ya mutu ya mutu ke nan, sai janwe. Kwantak kuwa yana yi maka gargaɗi, mota ta fara shaƙewa, ka buɗe ka goge da 'yar takardar yashi ka ci gaba. In zai canja, ya canja tun yanzu ya yi yawo da shi, ya kuma sa tsohon a aljihun mota. Abin da na hana shi ne ɗaura sabon abu daren tafiya. A akwatinsa ina so in ga fanbel, kwantak da kwandansa, rota, kwayil, fulogi huɗu, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, fis, waya, da tocilan.

Baban Nana (Lyon): An gama, Baba. Zan bar mata kwantak ɗinta. Na yanke shawara, tuƙawa zan yi. Injiniya ka yafe ni.

Injiniya Bash (Manchester): Allah ya tsare. Ka dai bar tazara mai yawa tsakaninka da manyan motoci, su ke watso tsakuwa.

Baban Nana (Lyon): Jama'a barkanmu da Asabar. Mun wuce Vienne, mun yada zango a Tain-l'Hermitage, ana shan kofi a bakin kogin Rhône. Allurar zafi tana tsakiya ba ta motsa ba. Abin da ban zata ba shi ne gajiyar hannu. Babu abin taimakon sitiyari, a gudu ba ka ji, amma kowane ƙauye da shataletalensa, wani ma uku. Sai dai kujerar nan da laushin ƙafafunta, wallahi motar gida ba ta kama ƙafarta ba. Muna tafiya tsakanin 70 da 80, tagogi a buɗe, iskar arewa da suke kira mistral tana turo mu ta baya, mai 2CV sai murna yake.

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Ka buɗe bonet ka leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Kada ka taɓa murfin lagireto.

Baban Nana (Lyon): Ba ɗiga. Amma an sami matsala bayan Valence. Cunkoso ya riƙe mu a wani gari, rana ta take, motar wani dattijo da ke bayana ta mutu a tsakiyar layi ta ƙi tashi. Dokar madubin nan ta yi aiki, na tsaya, na gabana ya tsaya, muka tura ta inuwa. Fetur ne ya yi zafi a bututu ya zama tururi, famfo yana ja ba ya samun komai. Aka jiƙa tsumma da ruwan jarkar uwargida aka naɗe famfon mai, aka bar bonet a buɗe. Bayan ɗan lokaci ta tashi. A nan ne na ji fankata ta yi ƙas ɗin da Baba ya ce, ban taɓa jin daɗin ƙara irin wannan ba.

Sai dai an ɗan yi cacar baki. Mutum biyu a kashinmu sun ce su za su wuce, don ana rufe shiga filin da tsakar rana, wanda ya makara ba a sa motarsa cikin waɗanda alƙalai za su duba. Ɗaya ya tafi, ɗayan ya haƙura.

Injiniya Bash (Manchester): Ka ga abin da nake faɗi. Laifin motar wani ya jawo maka tsayuwa cikin rana da inji a kunne. Ni ban ga laifin wanda ya wuce ba, ya biya kuɗin rajista, ya kwana yana goge mota.

Alhajin Agadas: Injiniya, ɗana, in haka ne ya tafi shi kaɗai tun daga gida. Ba a shiga ayari don a ci amfaninsa a lokacin lafiya, a watsar da shi a lokacin lalura. Gobe tasa ce za ta tsaya.

Maman Khalifa: Ni dai ku ba dattijon nan ruwa ya sha. Kuna ta jiƙa famfo, shi ma zafin yana dukansa.

Baban Nana (Lyon): An ba shi, Hajiya, Nana ce ma ta kai masa. Mun iso, mun makara kaɗan amma shugaba ya roƙa aka bar mu muka shiga. Fili ne na ciyawa bayan majami'ar ƙauyen, motoci jere-jere, masu sayar da tsofaffin kayan gyara sun baza a kan tebura, ga masu alewar nougat ta Montélimar ko'ina. Injiniya, ga abin da zai faranta maka: kyautar mota mafi kyau wata Citroën DS ce ta ci, kuma a tirela aka kawo ta, na ga ana sauke ta. Ko ƙura babu a tayarta. Tawa gabanta duk ƙwari.

Injiniya Bash (Manchester): Ban ce komai ba.

Abba Turbo: Ka ce mana, Injiniya, kada ya kumbura maka ciki.

Baban Nana (Lyon): Amma mutane sun fi tsayawa a wurin tawa, don kusan kowane dattijo a nan ya taɓa mallakar 504 ko ya yi tasi da ita. Mai DS ya kewaye tasa da igiya, ni kuwa ƙofa a buɗe na bari, yara suna shiga suna fita. Wani tsoho ya daɗe yana shafa bodin, da ya ji daga Nijar nake sai ya ce shi ma ya taɓa ƙetare Sahara da wagon ya sayar da ita a Agadas.

Alhajin Agadas: Ka tambaye shi launinta da wanda ya saya. In fara ce mai fasasshen gilashin baya, har yanzu ina da magana da shi kan giyabos.

Ɗan Kakuri: Jama'a, wannan abu bai fi ƙarfinmu ba fa. A nan aka haɗa motar nan shekara wajen talatin. Lokacin Obasanjo na soja ita ce motar gwamnati tun daga sama har ƙasa. Me zai hana mu tara masu 504 da 505 da tsofaffin Marsandi mu yi Kaduna, Zariya, Kano?

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Samo motocin ne aiki. Namu ba a ajiye su ba, an more su har suka ƙare. Wadda za ka samu yanzu injin wata ne, ƙofar wata, fitilar wata. Masu kyau suna garejin gidajen manya an lulluɓe da tampol, magada ba sa hawa ba sa sayarwa. In ka samo biyar masu tashi, ni zan bi ku a baya da a-kori-kura da yarana biyu, amma da rana za a yi tafiyar, kuma sai an tambayi lafiyar hanya.

Abba Turbo: Ni zan zama jagaba.

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Kai a tsakiya za a sa ka, inda ba ka da wurin gudu.

Baban Nana (Lyon): Lahadi. Mun tsaya ɗan gidan tarihin Nationale 7 da ke Piolenc, muka zagaya tsohuwar ƙofar Rumawa ta Orange da hanya ta kewaye, muka wuce Avignon. Ɗan Maraɗi, gaskiyarka, a wajen D907 kashi ɗaya ya bi waya ya faɗa A7, sai a fili muka haɗu. Mun iso lafiya, ta ƙara baƙin mai kaɗan. Labari mara daɗi guda: wata babbar mota ta watso tsakuwa, bonet ya ɓantare kamar ƙwayar gero a wuri biyu, har ana ganin ƙarfe.

Injiniya Bash (Manchester): Inna lillahi. To kada ka bari kowa ya ce zai fesa maka bonet gaba ɗaya, sabon fenti ba zai taɓa dacewa da na 1974 ba, kuma daga nan sai a ce a fesa fuka-fukai, wato bodin da ke saman tayoyi, su ma. Ka nemo lambar fentin, a haɗa maka ɗan kaɗan a kwalba. Ka goge wurin, ka ɗiga maganin tsatsa, in ya bushe ka cike da tsinken sakace, ɗigo ɗaya, ka bari ya kwana, ka ƙara. Yau ɗin nan ka shafa ko man goge farce mara launi ne kafin raɓa ta sauka.

Baban Nana (Lyon): Uwargida tana da shi a jaka, na shafa. Komawa kowa da hanyarsa, ba ayari. Ina tunanin in hau A7 in gwada ta a 110.

Baba Sule Bakanike (Kaduna): Za ta yi, amma da safe kafin ka tayar ka duba ruwa tana sanyi, ka zaro ma'aunin mai ka turo mini hotonsa. Ka tattaɓa fanbel, sabo yakan saki bayan tafiyar farko. In ya shiga fiye da faɗin yatsa, ka ɗaure kafin ka hau babbar hanya.